Igiyar da Aka Hana Isufu

Rabo da kansa ya ɗauki wuƙa ya yi wa wata ƙwarya tsaga a gefen baki, don kada wani ya ruɗe ya sha a cikinta. Ya ajiye ta a ƙofar bukkar da ke kusa da turken awaki, ya ce daga yau nan ne makwancin ƙanensa Isufu, wannan kuma ita ce ƙwaryarsa. Cikin sanyin murya ya faɗi haka, sai ka ce goron suna yake rabawa.

Hawwa'u, matar Isufu, tana tsaye da taɓarya a hannu. Ta ce, "Yaya, shi ɗin bunsuru ne da za a kai shi turke?"

Rabo ya ce, "Ba ni na sa mishi ciwon ba. Ina da ɗiya cikin gidan ga. Kowa ya san yawun mai hwarhwaɗiya in yat taɓa mutum, shi ma ya kamu ke nan."

Isufu ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa ya shiga bukkar.

Wani ƙaramin ƙauye ne kusa da Korahane, cikin ƙasar da yau ake ce wa Dakoro, tun Nasara bai shigo ba. Rijiyar ƙauyen tana da zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai duhu. Ba a jan ta da hannu. Takarkari, wato sa na aiki, ake ɗaura wa igiya, mutum ɗaya ya kora shi can nesa har wasaki, babban gugan fata, ya fito, wani kuma ya tsaya a bakin rijiya bisa itatuwa masu santsi, ya miƙa ya cafko wasakin ya juye a kwamin shayar da dabbobi. Korar takarkari aikin kowa ne. Tsayuwar baki kuwa sai mai ƙarfi da natsuwa, kuma a gidan Rabo Isufu ne mai ita. A nan ne bara gwafar rijiya, itacen da igiya ke bi ta kansa, ta karye ta same shi a gefen hagu na kai, bisa kunne, yana shayar da shanun gandunsu. Ya warke, amma wurin ya lotsa. Bayan kaka sai ya fara faɗuwa. Faɗuwar farko a bayan rumbu aka yi ta, ba wanda ya gani sai mutanen gida.

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan labari shi ne, Rabo ba zai ce bai sani ba. An gaya masa, kuma a gaban idonsa. Hawwa'u ce ta je ta kira tsoho Mamani, maɗorin ƙauyen, ta ce wa maƙwabta ƙaho za a yi wa mijinta. Mamani ya zauna a ƙofar bukka, ya shafa kan Isufu har yatsansa ya faɗa cikin lotsawar.

Ya ce, "Daga ina takan soma maka?"

Isufu ya ɗaga hannun dama. "Babban yatsan ga ne ka soma rawa, Baba. Ba ni ka motsa shi ba. Sai ta hau hannu, ta kai kahwaɗa, ta ja mini baki. Daga nan ban san inda nike ba."

Mamani ya juya ga Rabo, wanda ya tsaya can nesa kamar mai jin warin mushe. Ya ce, "Matso ka ji. Na daɗe ina ɗori, na ga kawuna da yawa da sanda ta hwasa. Wanda anka buga ma hagu, hannun damanshi ka mutuwa. Wanda anka buga ma dama, na hagu. Ƙwaƙwalwa ita ce mai gidan jiki. Daga gare ta laka ta sauka cikin ƙashin baya, daga laka jijiyoyi sunka rarrabu har ɗan yatsan ƙahwa. Ba ka ga raƙumin da bayanshi yak karye ba? Ƙahwahunshi lahiya lau, amma ba su tashi, don saƙo ba shi isa gare su. To ƙashin nan da yal lotsa shina danne ƙwaƙwalwar ƙanenka, daidai wurin da ka juya hannun ga. Ciwon shina cikin ƙoƙon kai. Itace yas sa shi, ba yawu ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwaryar mai tsaga, ya kafa kai ya shanye sauran ruwan da Isufu ya rage. Ya goge gemu.

"Ban da maganin da zai tada ƙashin ga. Amma ina da magana. Ku raba shi da wuta, ku raba shi da bakin rijiya. In yatsan yas soma, ku kama shi ku kwantar da shi bisa gehe guda. Iyakar ta ke nan."

Rabo ya yi dariya. "Kai tsoho ne, Baba, ka gama cin duniya, kana iya sha." Ya raka shi har ƙofar gida, yana roƙonsa ya rufa masu asiri.

Asirin da ake rufewa kuwa aure ne. Rabo yana nema wa babban ɗansa Harisu 'yar wani mai shanu a Ɗan Gulbi, ana ce masa Sa'adu. In labari ya kai can cewa akwai farfaɗiya a gidan, magana ta mutu. Saboda haka Isufu ya zama mutum biyu. A cikin gida kuturu ne, har ya fi kuturu: ba a cin tuwo da shi, ba a zama a tabarmarsa, yara in sun gan shi sai a ja su. Da gari ya waye kuwa lafiyayye ne sarai, sai ya saɓa wasaki ya bi Rabo da Harisu zuwa rijiya, ya hau itatuwan nan kamar kullum, don kada wani ya tambayi dalili. Ruwan da ya ratsa hannunsa shi gidan duka ke sha, shi ake dama fura da shi. Wannan bai taɓa damun Rabo ba.

Wata safiya a hanyar rijiya Isufu ya ce, "Yaya, mu musanya mana. Ni in kori takarkari, Harisu shi tsaya baki. Ko na hwaɗi can, rairayi ne."

"Harisu bai ƙware ba."

"Ni ma da ban ƙware ba. Ina koya mishi."

"Mutane su ga ƙato kamarka shina korar sa, yaro shina bakin rijiya? Mi za su ce? Ka yi haƙuri a ɗaura auren ga tukuna."

Harisu yana gaba da takarkari, ya ji komai. Saurayi ne cikakke, ya fi baban nasa tsawo. Ya sunkuyar da kai ya ƙara wa san sanda.

Rani ya yi tsanani, rana ta buɗe, shanu suka ƙara shan ruwa, aikin rijiya ya kai daga hantsi har la'asar. Faɗuwar Isufu ta ƙara kusantar juna. Allah ya sa duk a gida take kama shi, in ya dawo a gajiye. Bayan kowace faɗuwa hannun dama yakan yi masa nauyi kamar na aro, harshensa ya riƙa sarƙewa, ya nemi sunan ludayi ya rasa, ya yi ta nuna shi da yatsa har hawaye su zo masa. Sai can ya dawo daidai.

Wata rana Hawwa'u ta tafi itace, ta dawo ta tarar da mutanen gida sun yi da'ira a tsakar gida. Isufu yana kwance rub-da-ciki a tsakiya, fuskarsa cikin rairayi, yana gurnani. Ba wanda ya juya shi. Matar Rabo tana ta salati daga nesa, Rabo kuwa yana cewa a matsa, a ba shi iska. Hawwa'u ta yar da itacen, ta birkito shi, ta sa yatsa ta kwashe masa ƙasa daga baki. Ta ɗaga hannun nan mai yawu da rairayi ta nuna wa Rabo.

"Ga shi, Yaya. Kullum sai na taɓa. Ka taɓa ganin na hwaɗi?"

"Ke matarshi ce. Allah shina tsare mata da miji."

"Kai kuma ɗan'uwanshi ne, ciki guda. Ba ku ne ka cewa hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yar ba?"

"Wa yay yar da shi? Ba shi cin hatsina? Ba shi kwana gidana?"

Haka amsoshin Rabo suke, kowace da rigarta mai kyau. Hatsin da yake kira nasa, rabinsa gumin Isufu ne, amma a gandu babba ke riƙe da rumbu.

Da musanya ta ƙi, Isufu ya sauko ƙasa. Ya ce to a bar shi a bakin rijiya, amma a ɗaura masa igiya a ƙugu a turke ta da gwafa, in ta kama shi ya tsaya a rataye. Rabo ya ce, "Ka taɓa ganin mai lahiya ɗaure bakin rijiya kamar jaki? Wannan ai shela ce. Kahin la'asar labari ya kai Ɗan Gulbi."

Hawwa'u ba ta haƙura ba. Ta jiƙa rama, ta zauna bayan bukka tana tufka a cinyarta har fatar ta saluɓe. Igiya ta fito siririya mai ƙarfi, wadda za ta riƙe ɗan maraƙi. Ta ɗaura wa mijinta ita a ƙarƙashin riga, ta ce in ya isa ya zura bakinta a gindin gwafa ta ƙasa, inda laka za ta rufe. Ya yi haka. Sai dai idon Rabo ba ya barci. Kafin masu shayarwa su taru ya duƙa kamar mai gyaran takalmi, ya kwance ƙullin, ya sa Isufu ya warware ta daga ƙugunsa. Da bakin sanda ya ɗauke ta, ya jefa cikin buhun fata. Da suka koma gida ya rataye ta a ɗakinsa.

Washegari Isufu ya ƙi fita. Rabo bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Da aka buɗe rumbu za a yi awon gidan, sai aka tsallake ƙwaryar Hawwa'u. Kwana na biyu ma haka. Ta yi ta dafa ganye da ɗan sauran dusa, tana ba shi, tana cewa ita ta ƙoshi. Isufu ya dube ta, ya ga wuyanta ya fara fitowa. Da gari ya waye ya ɗauki wasaki.

Ta tare ƙofar bukka. "Wallahi in ka tahi, in hita dandali in hwaɗa ma kowa."

"Ki hwaɗa, sai mi? A koro mu tsakiyar rani, ba rumbu, ba akuya? Wa za shi amshi mai hwarhwaɗiya? Kuma ki ɓata ma Harisu aure, yaron da ni na goya." Ya yi murmushi don ya kwantar mata da hankali, gefen bakinsa na dama bai bi ba. "Saura kaɗan a ɗaura. Kuma ai takan yi mini sallama. In yatsan yas soma, sai in ja da baya."

Hawwa'u ta matsa. Baƙin ciki ya cika ta har ta kasa kuka. Ta san ƙarya yake yi mata don ƙauna, shi ma ya san ta sani.

Ranar da abin ya faru, Sa'adu ne ya zo daga Ɗan Gulbi da mutanensa don a tsayar da rana. Rabo ya ce su biyo ta rijiya su ga garke, don shi mutum ne mai son a ga abin hannunsa. Ya sa babbar riga, ya tsaya dab da Isufu a bakin kwami, yana nuna wa baƙi shanu ɗaya bayan ɗaya. Har ya ce, "Wannan ƙanena ne. Duk ƙasar ga babu mai tsayuwar baki kamarshi." Rana ta take, Isufu tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Hawwa'u tana tafe da fura a ka, ta kusa isowa.

Wasaki ya fito cike. Isufu ya miƙa ya cafki bakinsa da hannun dama, ya yi wa Harisu kira ya juyo da sa, kamar yadda ake yi, don igiya ta saki a juye ruwa. Harisu ya juyo. Igiya ta saki, nauyin ruwan duka ya koma hannun Isufu. A daidai nan yatsan ya soma.

Ya so ya saki wasakin, hannun ya ƙi buɗewa. Ya damƙe kamar an ɗinke shi da fatar. Ya so ya ja da baya, ƙafar dama ta sandare. Ruwan yana jan sa gaba. Ya juyo da fuska wajen wansa, bakinsa ya fara karkacewa, kumfa ta tsatso a gefe. Da sauran harshen da ya rage masa ya ce, a hankali, don kada baƙi su ji, "Yaya, riƙe ni."

Taku ɗaya ne tsakaninsu. Hawwa'u ta ga hannun Rabo ya fito daga cikin riga, ya miƙa, ya kusa kai ga kafaɗa. Sai idonsa ya sauka kan kumfar. Hannun ya tsaya. Ya koma cikin riga.

Ƙwaryar fura ta faɗi ta fashe. Ƙarar da ta fito daga ƙasan rijiya ta daɗe kafin ta iso.

Sai da la'asar aka fito da shi. Tun kafin a fito da shi Rabo ya riga ya ba kowa labari: santsi ne, itatuwan nan sun daɗe suna son canji, ƙaddara ta riga fata. Yana faɗa yana share hawaye, kuma ba zan ce hawayen ƙarya ba ne. Mutum yana iya kashe ɗan'uwansa da tsoro, ya kuma yi kukansa da gaske. Sa'adu ya ce ba za su koma ba sai an yi sutura, tunda an zama ɗaya.

Aka shimfiɗa gawar bayan zana. Liman ya dubi jama'a ya ce wanka na makusanci ne, ga wansa nan, shi ya fi kowa cancanta, shi liman kuma zai tsaya ya nuna masa. Rabo ya waiga wajen baƙi. Sa'adu yana zaune yana kallonsa. In ya ƙi, sai an tambayi dalili, kuma dalilin nan shi ne abin da ya ba da ran ƙanensa don ya ɓoye. Ya naɗe hannun riga.

Liman ya ce a miƙo abin zuba ruwa. Hannun Hawwa'u ya ɓullo ta saman zana, riƙe da ƙwarya mai tsaga a gefen baki. Rabo ya dube ta, ya karɓa.

Ya wanke shi. Da aka zo alwala liman ya ce ya naɗe ƙyalle a yatsa ya goge masa haƙora da leɓe. Rabo ya sa yatsansa cikin bakin Isufu, ya goge, ya sake gogewa. Da ya zo kai, tafinsa ya bi ta bisa kunnen hagu ya faɗa cikin lotsawar nan. Tun ranar da gwafa ta karye bai taɓa jin zurfinta ba sai yau. Ya daɗe da hannu a wurin, har liman ya ce masa ya ci gaba, rana tana faɗuwa.

Da ya fito, Hawwa'u tana zaune a jikin zana, lulluɓe. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɗaga kai ba.

"Yaya, ka taɓa shi yau?"

Rabo ya kawar da kai.

"Har cikin baki?"

"Hawwa'u, ki ji tsoron Allah, akwai baƙi."

"Ina jin tsoronshi. Tambaya ɗai nike yi. Yatsanka ya soma rawa?"

Rabo ya dubi hannunsa. Yana nan lafiya lau, a jiƙe, ko motsi ba ya yi. Haka kuma ya zauna har ƙarshen ransa, don Rabo ya tsufa ƙwarai, bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Auren ma an ɗaura shi, an sha kiɗa. Ba wanda ya hukunta kowa, don a ƙauyen ba a san an yi laifi ba. Mamani ya sani, amma ya riga ya yi alkawarin rufa asiri, sai ya daina gaisawa da Rabo kawai.

Shanu kuwa ba su san makoki ba. Da aka kwashe ruwan rijiya aka tsarkake ta, dole wani ya hau itatuwan nan, kuma babu saura a gidan sai Harisu, wanda aka ce bai ƙware ba. Hawwa'u tana cikin takaba, tana zaune a ƙofar bukkar da ke kusa da turken awaki, ta ga uba da ɗa suna shirin fita da safe. Rabo ya ce wa yaron ya dakata. Ya shiga ɗaki ya fito da igiyar rama siririya, wadda ta tufka a cinyarta. Ya durƙusa a gaban ɗansa ya zagaya masa ita a ƙugu, bisa riga, inda kowa zai gani. Ya ƙulla, ya ja da ƙarfi ya gwada, ya ƙara ƙulli.

Harisu ya ce, "Baba, mutane za su yi mini dariya."

Rabo ya ce, "Su yi. Dariya ba ta kisa."